Ku Tambaya Mu Amsa: Zango da Tuƙin Kwalekwale a Tafkunan Kan Tsauni

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: iyalai masu shirin zuwa hutu bakin tafki a kan tsauni, su kafa tanti, su ɗan yi tuƙi. Mun taƙaita masu tsawo, mun haɗe masu kama da juna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yarana uku, babban shekararsa 11, autar 4. Ni da babban mun iya iyo sosai. Za mu yi hayar kwalekwale a wani tafki da ke kan tsauni, kuma a hoto ruwan kwance yake lumui, ba kamar kogi ba. Dole ne kowa ya sa rigar kariya, ko ƙananan kawai? — Wani magidanci

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kowa zai sa, har da kai, kuma a jiki a ɗaure. Rigar da aka cusa ƙarƙashin wurin zama ba ta ceton kowa.

Babban abin tsoro a irin waɗannan tafkuna shi ne sanyin ruwan. Yawancinsu narkakkiyar ƙanƙara ce ke cika su. Sai ka ga rana ta ƙwalle, ana gumi a gaɓa, alhali ruwan bai kai digiri 10 a ma'aunin Salshiyas ba. Haka Tafkin Louise da ke gandun dajin Banff a Kanada yake ko a tsakiyar lokacin zafi. Ruwa kuwa yana zuƙe ɗumin jiki da saurin da ya ninka na iska kusan sau 25. Da mutum ya faɗa ciki, ƙirjinsa zai ja numfashi da ƙarfi ba da niyyarsa ba. In kansa na ƙarƙashin ruwa a wannan daƙiƙar, ruwan zai shaƙa. Rigar ce ke ɗago kan tun kafin mai kan ya gane abin da ya same shi.

Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba, wanda ya daɗe yana nazarin wannan, ya dunƙule lamarin a lambobi uku: 1, 10, 1. Minti ɗaya na farko na kokawa da numfashi ne, ba abin yi sai natsuwa. Daga nan akwai kamar minti 10 kafin hannuwa su sandare, yatsu su kasa riƙe igiya ko gefen kwalekwale. Sai kuma kamar awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Amma fa awar nan ta mai riga ce. Marar riga ba ya kaiwa can, domin da hannu ya daina aiki gwanintar iyo ta ƙare. Lambobin kuma na manya ne, yaro ya fi saurin sanyaya saboda ƙanƙantar jikinsa.

Rigar yara da nauyi ake zaɓenta, ba da shekaru ba. A tsarin Amurka akwai ta ƙasa da kilo 14, da ta kilo 14 zuwa 23, da ta 23 zuwa 41. Ta autarka lallai ta kasance da maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu, da mariƙi a ƙeya wanda za a cafke ta da shi. Ga gwajin: ka ɗaure komai tamau, ta ɗaga hannuwa sama, ka kama kafaɗun rigar ka ja. In rigar ta zamo ta rufe mata haɓa ko kunne, ta yi mata yawa, a cikin ruwa yarinyar za ta sulluɓe ta ƙasa. Kada a sayi babba wai don ta girma a ciki. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, a kai ta ruwa marar zurfi tun da wuri ta ji yadda rigar ke ɗaga ta. Robobin nan da ake hurawa a sa wa yara a damtse kayan wasa ne, ba sa cikin lissafi.

Ku biyar ne da mahaifiyarsu, ga kaya. Kwalekwale mai tsawon mita 5 da faɗin santimita 90 yana ɗaukar manya biyu da ƙananan yara biyu da kayan yini ɗaya cikin sauƙi. In da tanti da kayan kwana, ku ɗauki biyu, kuma duk yaron da bai iya iyo ba ya kasance da babba guda mai lura da shi shi kaɗai. Yara su zauna a ƙasa, a tsakiya, kan 'yar katifar soso. Kaya masu nauyi su ma ƙasa da tsakiya. Bayan kowa ya shiga, a duba tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin kwalekwale, kada ta gaza santimita 15. Kaya ake ɗaurewa a jikin kwalekwale, ba a taɓa ɗaure yaro, don in ya kife igiyar ce za ta riƙe shi a ƙasa. Ku riƙa bin gaɓa ko da hanyar ta fi tsawo. Ratsa tsakiyar tafki da yara don a rage minti 20 ciniki ne marar riba.

In kuwa ya kife, a fara ƙirga kawuna, a leƙa ƙarƙashinsa. A ɗora yara a bayansa, kowa ya fitar da iyakar abin da zai iya na jikinsa daga ruwa. A gaɓa a tuɓe jiƙaƙƙun kaya nan take, a sa busassu daga jakar da ruwa ba ya shiga, a rufe kai, a ba da abin sha mai ɗumi da zaƙi ga wanda ke cikin hayyacinsa. Kada a murza hannu da ƙafa. Wanda rawar ɗarinsa ta tsaya alhali jikinsa na nan da sanyi, magana tana harɗe masa, ya shiga mummunan hali. A kwantar da shi a hankali, a lulluɓe shi, a nemi agaji.

TAMBAYA: Masu ba da hayar kwalekwale sun ce mu dawo kafin azahar. Dabarar kasuwa ce ko da wani dalili? — Wata uwa

AMSA: Gaskiya suka gaya miki, 'yar'uwa. Da hantsi rana kan fara gasa gangaren duwatsu, iskar da ke kansu ta yi zafi ta tashi, sai iskar kwari ta taso ta maye gurbinta. Tafkin da ke kwance tsakanin tsaunuka biyu shi ne hanyarta, kuma iya tsawonsa iya girman raƙuman ruwan da za ta tara a ɗaya ƙarshen. A wasu wuraren har suna gare ta saboda ba ta saɓa lokaci: a Tafkin Silvaplana na Switzalan ana kiranta Maloja, takan taso wajen tsakar rana, masu wasan zamiya a kan ruwa da ƙarfin iska kuma ita suke zuwa nema. Abin da yake wasa a gare su, a wajen mai kwalekwale da yara masifa ne.

Don haka ku fita da sassafe. Ku tambayi ma'aikatan wurin ta ina iskar nan ta bayan azahar take zuwa, ku fara tuƙi ta wannan ɓangaren, yadda a dawowa, lokacin da kowa ya gaji, za ta riƙa turo ku gida. Iyali ba sa wuce kilomita 3 a awa, kuma ƙaramin yaro da wuya ya jure fiye da awa ɗaya ba a sauka ba. Da kin fara ganin farin kumfa a kan raƙuman ruwa, iskar ta kai wajen kilomita 15 zuwa 20 a awa, lokacin fita ya yi. Kada a bar igiyar ruwa ta daki kwalekwale a gefe, nan ne yake kifewa. A tunkare ta a ɗan karkace, masu tuƙi su durƙusa a kan gwiwa don nauyi ya yi ƙasa, kuma kada a daina tuƙi, filafilin da ke cikin ruwa shi ma madogara ne. In abin ya ƙi, a fita a gaɓar da ta fi kusa a zauna. Sau da yawa iskar kan kwanta da faɗuwar rana.

Hadari ma da yamma ya fi haɗuwa a kan tsauni, kuma dutse kan ɓoye shi har sai ya iso kanku. Ki ƙirga daƙiƙoƙi tsakanin walƙiya da tsawa, kowane 3 kilomita ɗaya ne. Amma ba sai an tsaya lissafi ba, da an ji tsawa a bar ruwa, kada a koma sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe. Tanti ba ya kare aradu. Gini ko mota mai rufin ƙarfe su ne mafaka, in babu su a guji ƙololuwar tudu da doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

TAMBAYA: Yaya za mu yi yara kada su kwana da sanyi? Za a iya kunna ɗan risho ko gawayi a cikin tanti? — Mai karatu

AMSA: A'a, ko kusa. Risho da gawayi da fitilar gas duk suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma ta sha kashe iyalai a cikin barci. Alamarta ta farko ciwon kai ne da jiri, abin da mutum zai ɗauka gajiyar hawa ce ya ƙara gyara kwanciya.

Zafi kan ragu da kimanin digiri 6.5 a kowane mita 1,000 da aka hau, wato a mita 2,000 an rasa digiri 13 ke nan. Da dare kuma iska mai sanyi takan gangaro ta taru a kwarin tafki, shi ya sa tantin da aka kafa a ɗan tudu, nesa da ruwa, ya fi na bakin gaɓa ɗumi da ƙarancin raɓa da sauro.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kashe kuɗi a kan jakar barci a manta da shimfiɗa. Ƙasa ce ke shanye ɗumin jiki, kuma ɓangaren jakar da aka danne da baya ba ya tare komai. A nemi shimfiɗar da lambar R ɗinta, wato ma'aunin yadda take tare sanyin ƙasa, ta kai 3 ko 4, ko a haɗa biyu. In jakar ta fi yaro tsawo, a ɗaure rarar da igiya daga ƙasa don kada ƙafafunsa su yi ta faman ɗumama wurin da babu kowa. Jariri ba ya shiga jakar manya, tana iya toshe masa numfashi. Kafin kwanciya kowa ya sauya zuwa busassun kaya da safa da hula. Auduga in ta jiƙe ba ta bushewa da wuri kuma tana ƙara sanyi, ulu ko yadin roba ya fi. A bar kafofin iskar tanti a buɗe, in ba haka ba tururin numfashi zai taru a rufi ya ɗigo muku kafin asuba.

Wani abu kuma: gas ɗin girki na butan zalla ba ya tashi in sanyi ya kusa digiri 0, sai ka ga gwangwani cike amma wuta ta ƙi kamawa. A sayi mai haɗin furofen, a kuma ɗumama gwangwanin a cikin riga kafin a kunna.

TAMBAYA: Tafkin da za mu je yana kan mita 3,000. Muna da ɗan shekara biyu. Akwai matsala? — Wasu ma'aurata

AMSA: Akwai abin lura. Daga wajen mita 2,500 ciwon tsauni kan fara, saboda iskar da huhu ke samu ta ragu. Yakan bayyana sa'o'i bayan isowa, sau da yawa a daren farko: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin barci. Ɗanku ba zai iya cewa kansa na ciwo ba. Abin da za ku gani shi ne rigima, ƙin abinci, amai, da daina wasa. Ku ɗauka tsaunin ne har sai an tabbatar da wani abu daban.

Kada ku taso daga ƙasa ku kwana a mita 3,000 rana ɗaya. Ku yi dare ɗaya ko biyu a tsakiyar hanya. Sama da mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare. Mai alamun ciwo ba ya ƙara hawa. In mutum ya fara tangaɗi, ko ruɗewa, ko haki alhali yana zaune, a sauko da shi a lokacin, ko da tsakar dare ne. Mai cutar sikila kuwa sai da izinin likita, domin ƙarancin iskar kan tayar masa da ciwo ko a ƙasa da mita 2,500, kuma masu rukunin jini AS ma an sha samun waɗanda saifarsu ta yi ciwo a kan tsauni. Ga hasken rana: ƙarfin ƙunarsa na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowane mita 1,000, ruwa kuma na mayar da shi fuska, don haka hula mai baki da tabarau ba ado ba ne.

TAMBAYA: Ruwan garau yake kamar madubi. Sai an tafasa? — Wani matashi

AMSA: Sai an tafasa, ɗan'uwa. Ƙwayar jardiya da ke fitowa daga kashin mutane da dabbobi ba ta canja launin ruwa, kuma gudawarta sai bayan mako ɗaya ko biyu take bayyana. Minti ɗaya yana tafasa ya isa, sama da mita 2,000 a bar shi minti 3. Mai amfani da na'urar tace ruwa ya kwana da ita a cikin jakar barci, don in ruwan cikinta ya daskare takan tsage ta ciki ba a gani. Ruwan da ya yi fari-fari saboda garin dutse a bar shi ya kwanta a bokiti kafin a tace.

TAMBAYA: Ni namun daji nake tsoro. Me za mu yi kada su zo mana tanti? — Wata kaka

AMSA: Hajiya, dabba ba ku take nema ba, ƙanshi take bi. Duk abin da ke da ƙanshi, abinci ne, shara ce, man goge baki, sabulu, har tsumman da aka goge bakin jika da shi, ba ya kwana a tanti. Inda ake da beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da manyan farata, ana girki da ajiye abinci kamar mita 100 daga wurin kwana, ta ɓangaren da iska ke tafiya. Ana sa shi a akwatin ƙarfen da hukuma ta tanada, ko a wani ƙaƙƙarfan gwangwani da beyar ba ta iya buɗewa, wanda a dajin Yosemite na Amurka dole ne ga mai kwana a daji. In an gamu da ita ba a gudu. A tattaro yara, a ɗauki ƙananan, a riƙa magana a natse ana ja da baya. Dokar gandun dajin Yellowstone mizani ce mai kyau a ko'ina: mita 91 daga beyar da kyarkeci, mita 23 daga sauran dabbobi.

Kowane tafki da nasa. Tafkin Naivasha a Kenya da Tafkin Tana a Habasha duk suna kan tudun da ya haura mita 1,700, kuma akwai dorina a cikinsu. Dorina da dare take fitowa kiwo, ta hanyar da ta saba bi, kuma ba ta yarda a shiga tsakaninta da ruwa. Faffaɗar turbar da ta fito daga tafki ba wurin kafa tanti ba ce. Ma'aikatan gandun daji sun san duk wannan, a fara da su.

A gaskiya ma ɓarnar da ta fi yawa ta ƙanana ce: ɓera da kurege su huda tanti saboda guntun abin da yaro ya bari a aljihu. A hana jikoki ba su abinci komai kyansu. Dabbar da ta saba da hannun mutum takan fara ƙwace, daga nan cizo, ƙarshenta hukuma ta harbe ta.

A kan ruwa kuma a kula da tsuntsaye masu sheƙa a cikin ciyayin gaɓa. In kin ga tsuntsuwa ta kwantar da wuya a ƙasa, ko ta fara kuka tana kai da komo, kun matso da yawa. In ta tashi, ƙwan zai yi sanyi ko hankaka ya ɗauke. Masu kamun kifi su bar amfani da darma wajen nauyaya ƙugiya, tsuntsaye masu nutso kan haɗiye ta ta kashe su, kuma kada a bar guntun zaren fatsa a gaɓa.

TAMBAYA: Kwalekwalena na roba ne da ake hurawa, ba shi da inji. Me ya sa aka tsare ni a ƙofar gandun daji wai sai an duba shi? — Mai sha'awar tuƙi

AMSA: Domin ruwan da ya maƙale a lungunansa, ko da cikin kofi ɗaya ne, zai iya canja tafki har abada. Akwai wata 'yar halittar ruwa mai ɓawo biyu, mai zane a jiki, da ake kira zebura. Daga yankin Tekun Kasfiyan da Baƙin Teku ta shiga Arewacin Amurka a cikin ruwan jiragen dakon kaya, aka gano ta a Tafkin St. Clair a 1988. Mace ɗaya kan saki ƙwai har miliyan a shekara, 'ya'yan kuma ido ba ya ganinsu. Takan tace abincin ƙananan kifaye, ta toshe bututun ruwa. Saboda irinta ne tun 2008 ake binciken jiragen ruwa a Tafkin Tahoe na Amurka. A 2016 aka fara gano wata cutar kifi a Kanada, a Tafkin Johnson na Banff, mai sa ƙananan kifaye su yi ta juyi a wuri ɗaya, kuma laka a takalmi ma na iya ɗaukarta.

Aikin ba wuya: a wanke laka da ciyayi tun a wurin da aka fito, a zazzage ruwa kaf, a shanya har ko'ina ya bushe, aƙalla awa 48 kafin shiga wani ruwan, wasu wuraren ma sun fi haka tsauri. Na roba irin naka ya fi wahalar bushewa. Ka sace iskar, ka buɗe tsakanin daɓen da gefuna, ka goge da tawul, kada ka naɗe shi da danshi. Filafili da riguna da takalma duk suna cikin wankin.

Haka kuma ba a sakin ragowar ƙananan kifayen da ake sa wa ƙugiya, balle na ado. Tafkunan tsauni a keɓe suke, halittunsu ba su san baƙon maharbi ba. A Tafkin Atitlan na Gwatamala an zuba wani kifi mai cin nama a 1958 da 1960 don jawo 'yan yawon buɗe ido. Ya cinye abincin wani tsuntsun ruwa da ba ya tashi, wanda babu shi ko'ina a duniya sai nan, har da 'yan tsakinsa. A 1989 aka yi masa ganin ƙarshe. A tsaunukan Sierra Nevada na Kaliforniya, kifin da aka zuba a tafkunan da a da babu kifi ya yi ta cin talibamban wani kwaɗo mai rawayar ƙafa, cuta ta zo ta ƙarasa, har ya ɓace daga fiye da kashi 90 cikin 100 na wuraren da yake.

Tunda naka na hurawa ne, ga ƙari: in ka hura shi a rana ka sa a ruwan sanyi zai yi laushi, sai ka ƙara iska bayan 'yan mintuna. In ka fito da shi ka ajiye a rana, ka rage, kada ɗinkin ya fashe.

TAMBAYA: Inda babu bayan gida fa? Da wanke-wanke? — Masu karatu da dama

AMSA: A yi nesa da ruwa da hanya da tanti da mita 60, kamar taku 70 na babba. A haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a rufe bayan an gama. Mai buƙatar ruwa ya ɗiba a gora ya tafi da shi can. Kunzugun jarirai da audugar mata da tsumman goge-goge a ƙulle su a leda biyu a fito da su, ba sa ruɓewa kuma dabbobi na tono su. Can sama inda bishiya ba ta tsiro, ƙasar ba ta da kauri kuma sanyi na hana ruɓewa, shi ya sa wasu gandayen ke tilasta a fito da komai a jaka ta musamman.

Kwanuka ma ba a wanke su a tafki, ko da sabulun da aka rubuta yana ruɓewa da kansa ne, domin a cikin ƙasa yake ruɓewa. A ɗebo ruwa a wanke can nesa, a tace guntayen abinci a sa a shara, a watsa ruwan a faɗi. Wuta kuwa sai inda doka ta yarda, a murhun da aka tarar, da busassun itacen da suka faɗo waɗanda ba su fi kaurin tsintsiyar hannu ba. A Yosemite an hana hura ta sama da kimanin mita 2,900, saboda itacen can a hankali yake girma. Wajen kashewa a zuba ruwa, a juya tokar, a sake zubawa, har sai an iya ɗora bayan hannu a kai ba a ji zafi ba.